Darasi na Tara: Haddar Jiki, da Yadda Ƙarfi ke Komowa Bayan Hutu

Duk wanda ya tashi a karkara ya san ranar farko ta noman fari, kuma ya san irin maganar da jiki ke yi wa mai shi a daren wannan rana. Mutum ya shafe watannin rani hannunsa bai taɓa ƙotar fartanya ba, kantar tafinsa ta lafa, damtsensa ya saki, ga shi kuma hatsi ya tsiro ciyawa na neman danne shi. Sai ya sunkuya tun sanyin safiya da zuciyar bara, amma kafin rana ta take tsaka ƙugu ya riƙe, bororo ya fito a gindin yatsu, washegari kuwa ko ruku'u sai an yi da dabara. Abin lura a nan shi ne, wannan mutumin da aka ji yana nishi ranar farko, in aka ba shi mako biyu ko uku, shi za a gani a gaban gayya yana cin kunya bayan kunya, alhali kuwa saurayin birni da ya zo hutu, wanda ya fi shi ƙuruciya da cikar jiki amma bai taɓa noma ba, damina guda ba za ta ishe shi ya kamo shi ba.

Mas'alar da za mu duba a wannan darasi ke nan: me ya sa ƙarfin da mutum ya taɓa samu da gumi, ya rasa shi saboda hutu ko jinya ko tafiya, yake komowa cikin ɗan lokaci, ba tare da an sake biyan dukan wahalar farko ba? Turawa suna kiran wannan da wani suna mai ma'anar tunawar tsoka. Mu a nan za mu ce masa haddar jiki, domin babu misalin da ya fi kusa da shi kamar na mahaddacin da hidimar duniya ta ɗauke shi daga tilawa shekara da shekaru, har ya zaci karatun ya gudu, amma da ya zauna muraja'a sai ya ga abin da ya ci masa shekara biyar a tsangaya yana dawowa cikin watanni. Sai dai ya kamata ɗalibi ya sani tun farko cewa abu biyu ne aka haɗa ƙarƙashin suna guda, kuma mazauninsu a jiki daban ne. Na ɗaya shi ne gwanintar aiki, na biyu kuwa kaurin tsoka da ƙarfinta.

Gwanintar aiki, irin ta mai tuƙa keke, da mace mai lugude da ke cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, da tela mai taka keken ɗinki yana hira, ba a cikin tsoka take zaune ba ko kaɗan, a ƙwaƙwalwa take da jijiyoyin da ke kai saƙonta zuwa gaɓoɓi. Malaman Musulunci na da sun lura da wannan ɗabi'a, har Ibn Khaldun a cikin Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a shekarar 1377, ya yi dogon bayani a kan abin da ya kira malaka, wato sifar da ke kafuwa a cikin mutum saboda maimaita aiki sau bayan sau, har ta zama kamar da ita aka haife shi. Likitocin zamani kuma sun zo da hujjar da ke nuna cewa wannan irin sani yana da ma'ajiyarsa dabam da ta labarai da sunayen mutane. A shekarar 1953, a Amurka, an yi wa wani saurayi mai suna Henry Molaison tiyata a ƙwaƙwalwa don a rage masa farfaɗiyar da ta addabe shi. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma tun daga ranar ya kasa riƙe sabon abu, ta yadda in ka gaisa da shi ka fita ka dawo, baƙo kake a wurinsa. Wata masaniya daga Kanada, Brenda Milner, ta ba shi aikin bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta cikin madubi kawai, aikin da ke rikita kowa a karon farko. Kwana uku yana yi, kullum hannunsa na ƙara daidaita, kuskurensa na raguwa, alhali kullum sai ya ce bai taɓa ganin wannan aiki ba. Hannu ya hardace abin da mai hannun bai san ya koya ba.

Wani sashe na ƙarfi ma daga nan yake fitowa. Wanda ya fara ɗaga ƙarfe yakan ga a makonnin farko yana ɗaukar abin da ya gagare shi jiya, alhali damtsensa bai ƙara ko kaurin yatsa ba; dalili kuwa shi ne, ƙwaƙwalwa ta koyi kiran zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci guda, kamar yadda mai gayya ke koyon tara mutanen unguwa su sa fartanya tare maimakon kowa ya zo a lokacin da ya ga dama. Wannan koyo yana da wuyar gogewa, shi ya sa ƙarfi ke riga kauri komowa.

To, amma ita tsokar kanta fa, tana riƙe wani abu? A nan ne maganar ta fi zurfi, kuma a nan ne nake roƙon ɗalibi ya yi haƙuri ya bi ni sannu a hankali. In aka duba tsokar nama da madubin likita, za a ga zaruruwa ne siraran gaske aka jera aka ɗaure, kamar damin kara, kowane zare kuma ƙwayar halitta ce guda. Galibin nau'o'in ƙwayoyin jikin ɗan Adam cibiya ɗaya gare su, wato wurin da aka ajiye umarnin yadda za a gina sinadaran da ƙwayar ke bukata. Amma zaren tsoka, saboda tsawonsa, cibiyoyi ne da shi masu yawa a jere a gefensa, kowace tana kula da yankinta. A shekarar 1961 wani masani a Amurka, Alexander Mauro, yana duba tsokar kwaɗo, ya gano wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ke kwance a jikin zaren kamar masu barci; daga baya aka tabbatar cewa su ne ke farkawa idan tsoka ta sha aiki ko ta ji rauni, su hayayyafa, su narke cikin zaren, su ƙara masa cibiyoyi. Ka ɗauka gida ne da baƙi suka yi yawa a cikinsa, murhu guda bai isa ba, sai aka kafa na biyu da na uku.

An daɗe ana zaton cewa idan tsoka ta rame, waɗannan cibiyoyin da aka ƙara mutuwa suke yi. Sai a shekarar 2010 wasu masana a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, ƙarƙashin jagorancin Kristian Gundersen, suka bi zaruruwan tsokar ɓeraye masu rai suna ƙirga cibiyoyinsu, suka tarar da abu biyu: cibiyoyin sukan ƙaru tun kafin zaren ya yi kauri, kuma bayan an hana tsokar aiki ta rame, cibiyoyin suna nan ba su tafi ba. Baƙi sun watse, wuta ta mutu, amma duwatsun murhu suna nan a kafe, ranar da taro ya dawo kuwa itace kawai za a sa. Shekara uku bayan haka suka ba wasu ɓeraye sinadarin ƙarfin namiji na tsawon mako biyu, suka janye shi, suka bar su wata uku har tsokarsu ta koma daidai da ta sauran. Da aka ɗora wa duka aiki, cikin kwana shida tsokar waɗanda aka taɓa ba maganin ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta sauran kuwa da ƙyar ta motsa. Ba na kawo wannan don in kwaɗaitar da samarinmu masu ɗaga ƙarfe ga alluran ƙara tsoka da ake sayarwa a ɓoye. Waɗannan allurai suna taɓa zuciya da hanta, suna rage maniyyi, kuma wanda ya sayi damtse da zuriyarsa ya yi mummunan ciniki.

Wajibi ne a faɗa cewa game da ɗan Adam malaman wannan fanni ba su yi ijma'i ba, domin wasu sun ƙirga sun ga cibiyoyin sun tsaya, wasu kuma sun ga sun ragu, musamman a tsofaffi da waɗanda suka daɗe a kwance, kuma saɓanin yana nan har yau. Akwai kuma bayani na biyu da ya fito daga Ingila a shekarar 2018, inda aka sa maza takwas atisaye na mako bakwai, suka huta mako bakwai, suka koma mako bakwai, ana tsakurar ɗan nama daga cinyarsu a kowane mataki. Aka tarar atisayen farko ya canza wasu alamomi a kan ƙwayoyin gado masu umartar tsoka ta girma, kuma wasu daga canje-canjen ba su goge ba a lokacin hutu, kamar mai karatu da ya sa tsinke a shafin da ya tsaya, in ya dawo ba sai ya yi ta lalube ba. Girman da suka samu a zagaye na biyu kuwa ya zarce na farko.

Ko wane bayani ne ya tabbata, abin da ake gani da ido ba a yi jayayya a kansa ba. A shekarar 1991, a Jami'ar Ohio ta Amurka, Robert Staron da abokan aikinsa sun ba da labarin wasu mata da suka yi mako 20 suna ɗaga nauyi da ƙafafu, suka bari na kimanin mako 30, wato fiye da rabin shekara, sa'an nan suka koma. Cikin mako shida suka mai da abin da suka rasa. A shekarar 2024 kuma masana a Jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finland sun raba mutane kashi biyu, kashi ɗaya ya yi mako 20 a jere, ɗayan ya yi goma, ya huta goma, ya sake yin goma. Masu hutun suka koma matsayinsu na da cikin mako biyar, kuma a ƙarshe ɓangarorin biyu suka tashi kusan kunnen doki.

Yanzu sai mu juya ga yadda ƙarfin ke tafiya, domin ba kowane hutu ne ke cin jiki daidai da wani ba. Wanda ya bar atisaye amma yana zirga-zirgarsa, yana zuwa kasuwa da masallaci da ƙafa, zai iya yin mako biyu ko uku ƙarfin hannunsa bai ragu yadda zai lura ba; abin da ke fara guduwa shi ne numfashi, shi ya sa ɗan ƙwallon da ya yi wata guda bai fita fili ba yake iya buga ƙwallo yadda ya saba, amma minti ashirin ya kama gwiwa yana haki. Kwanciya a gado kuwa wani babi ne dabam. A shekarar 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara ashirin na tsawon mako uku ba tashi, da aka auna su sai aka ga ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara talatin aka sake tara mutanen nan biyar aka auna, aka tarar mako ukun nan na kwanciya ya fi shekara talatin ta tsufa yi musu ɓarna. Ina so wannan ya zauna a zuciyar duk mai jinyar tsoho a gida. Mun saba, saboda tausayi da girmamawa, mu ce wa mahaifi ko kaka kada ya motsa, a kawo masa buta, a kawo masa akushi, a tallafe shi ko da zai iya tashi da kansa. Niyyar kyakkyawa ce, amma tsoho ya fi yaro saurin rasa tsoka kuma ya fi shi jinkirin mai da ita, kuma sau da yawa zazzaɓin da ya kwantar da shi yakan warke ya bar shi da ƙafafun da ba sa ɗaukarsa. Muddin likita bai hana ba, a zaunar da shi, a tsayar da shi, a riƙe hannunsa ya taka zuwa zaure ya dawo. Haka kuma wanda aka yi wa ɗori a hannu guda, in ya ci gaba da aiki da lafiyayyen hannun, an gano cewa wanda ke ɗaure ma yakan rage asarar ƙarfi, domin ƙwaƙwalwar da ke umartar su guda ce.

Abin da ya fi damuna a wannan darasi, wanda kuma na fi so ɗalibi ya fita da shi, shi ne cewa sassan jiki ba sa dawowa tare. Gwaninta tana nan tun ranar farko, ƙarfin tsoka yana biyo ta da sauri, amma agara da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, waɗanda jini bai wadace su kamar tsoka ba, su ne 'yan baya, kuma su ne ke biyan bashin gaggawa. Na ɗanɗana wannan da kaina. Wata shekara zazzaɓin taifot ya kwantar da ni kusan wata biyu, da na miƙe kuwa, ranar da na fara jin daɗin tuwo, sai na nufi rijiyar gidanmu don in nuna wa iyali cewa maigida ya warke. Hannuna ya san igiyar nan sarai, ya san inda ake kamawa da yadda ake karkata guga ta nutse, na kuwa fizgo ta cike kamar yadda na saba. A ja na uku na ji wani abu ya tsarga a kafaɗata ta dama kamar an soka tsinke mai zafi, igiyar ta zame ta goge mini tafi, gugar ta koma ƙasa da ƙara. Uwargidana, da ke tsaye da tulu, ta ce, "Malam, ai da ka bari yara sun ja, jikin bai gama dawowa ba." Wata uku na yi ba na iya ɗaga hannun nan in sa hula sai da na hagu, jinyar kafaɗar ta fi ta zazzaɓin tsawo.

Ko manyan gwanaye ba su tsira daga wannan hukunci ba. Muhammad Ali, da aka hana shi dambe a shekarar 1967 saboda ya ƙi shiga soja a lokacin yaƙin Vietnam, ya yi shekara uku da rabi bai hau dandali ba. Ya dawo a watan Oktoba na 1970 da idonsa da hannunsa, amma saurin ƙafar da aka san shi da shi ya ragu, Joe Frazier ya yi nasara a kansa a watan Maris na 1971, kuma sai a 1974, a Kinshasa, ya karɓo kambinsa daga George Foreman, da wata dabara ta jingina da igiya yana barin abokin karawa ya gaji.

Saboda haka mai komawa aiki ko atisaye bayan hutu mai tsawo, manomi ne ko ɗan kokawa ko mai dako ko mai ɗaga ƙarfe, ya fara da kimanin rabin abin da ya saba, ya tsaya tun yana jin da sauran ƙarfi a jikinsa, ya bar kwana guda tsakanin aiki mai nauyi da wani, sa'an nan ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Rabin nan zai yi masa kamar wasa, kuma a nan ne jarrabawar take. Ya kuma koyi bambanta ciwo da ciwo. Tsamin jiki, wanda ke bazuwa cikin naman tsoka, ya fi tsanani a kwana na biyu, ya lafa cikin 'yan kwanaki, ba abin tsoro ba ne, tafiya da motsi mai sauƙi ma suna rage shi. Amma zafi mai suka a gaɓa guda, ko kumburi, alama ce ta a dakata. In kuwa bayan aiki mai tsanani, musamman cikin zafin bazara, mutum ya ga tsokarsa ta kumbura kuma fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, to, ya tafi asibiti a ranar, domin tsoka ce ta farfashe abin cikinta ya shiga jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari, da mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, su nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin su koma ɗaukar nauyi. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri ya ɗebe shi yana cikin aiki, ya tsaya nan take.

Murhu ba ya dafa komai in babu abin sawa a tukunya. Tsoka da abinci mai gina jiki ake mai da ita, kuma ba lalle sai nama ba: wake, da gyaɗa da ƙuli-ƙulinta, da awara, da nono, da ƙwai, da busasshen kifi duk suna yi, in ana samun ɗan wani abu daga cikinsu a kowane ci, tare da ruwa isasshe da barcin dare, domin a lokacin hutu ne jiki ke gyara abin da aiki ya yaga. Kuma tsare ƙarfi ya fi samo shi araha nesa ba kusa ba; an gwada an ga wanda ya saba fita sau uku a mako, in ya koma sau ɗaya amma bai rage nauyin abin da yake ɗauka ba, yakan riƙe ƙarfinsa watanni. Wannan ya isa amsa ga masu tambaya game da watan azumi: ɗan motsi sau ɗaya ko biyu a mako bayan buɗa-baki ya wadatar, wanda kuma ya ajiye atisaye ɗungurungum don ya samu sukunin tarawihi da tahajjud, kwana talatin ba za su rushe abin da ya gina ba, zai same shi cikin Shawwal.

Ga aikin da za a yi a gida kafin haɗuwarmu. Kowane ɗalibi ya sami kujera mai ƙwari wadda ba ta da hannu, ya jingina ta da bango, ya zauna ya harɗe hannuwansa a ƙirji, wani ya riƙe masa agogo, ya ƙirga sau nawa zai iya miƙewa tsaye sosai ya koma ya zauna cikin daƙiƙa talatin. Wanda gwiwarsa ke ciwo ko yake jin jiri ya bar wannan, ya yi wa wani ƙirga. A rubuta adadin da kwanan wata a bayan littafin rubutu, a rubuta kuma ko mutum ya taɓa yin aikin ƙarfi a da, da tsawon lokacin da ya yi da barinsa. Daga nan a riƙa yin tashi-zauna goma sau biyu, kwana uku a mako, har mako huɗu, sa'an nan a sake ƙirgawa a zo da lambobin biyu aji, mu jera na tsofaffin manoma da na waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba a kan allo.